Tal National: Ƙungiyar da Ba ta Rataya a Wuyan Mutum Ɗaya Ba

Ruwan da ke wucewa ta gaban Yelwa zuwa tafkin Kainji sai da ya ratsa Yamai da Gaya kafin ya shigo Jihar Kebbi, amma kiɗan jitar babban birnin Nijar bai cika biyo shi zuwa wajenmu ba. Wannan rashi ne, domin tarihin Tal National ya taɓo matsalar da ta daɗe tana cin kiɗan Hausa, wato mutuwar rukuni da zarar jagoransa ya kwanta dama. A shekarar 2000 Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa ƙungiyar a Yamai. Tsohon ɗan ƙwallo ne, kuma ya yi shekaru yana alƙalanci da rana, da dare ya rataya jita. Ya tara Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, suna waƙa da harsunansu, ga jitar lantarki mai gudu, ga gangunan zamani, ga kuma mai kalangu da ke ratsa su duka yana matse tsarkiya a hammata.

Abin da ya fi kiɗan muhimmanci shi ne yadda aka gina gidan. Makaɗan sun haura goma, suna karɓeɓeniya, domin a lokacin da suke tashe sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane wasa ya kai awa biyar. Mai ganga ya gaji, wani ya zauna a kujerarsa ba tare da an tsaya ba. Idan buki biyu suka haɗu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya amsa sunan Tal National. A wajenmu kuwa, sunan jagora shi ne sunan rukuni. Mutanen Yauri sun san gidan Ɗandawo, inda Sani ya gaji mahaifinsa Aliyu a kiɗan fada. Musa Ɗanƙwairo ya yi kiɗa a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa rukunin. Gado ne ya riƙe waɗannan gidaje, kuma gado yana da kyau, sai dai ba kullum jini ke haifar da murya ba. Tun da Mamman Shata ya rasu a 1999, masu kalangunsa da 'yan amshinsa, duk da ƙwarewarsu, ba su sake samun inuwa irin waccan ba. Almeida ya nuna cewa ana iya ɗora amana a kan suna da horo maimakon maƙogwaron mutum guda.

Za a ce irin wannan tsari yana kashe fice, kuma akwai gaskiya a ciki. Mdou Moctar, Buzun da ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, ya fi su suna a Turai da Amurka, domin duniya ta fi saurin riƙe fuska ɗaya. Amma fice daban, ɗorewa daban. Ko a kiɗan metalcore na Amurka, mai ƙarar jita da kururuwa, ƙungiyar Killswitch Engage da aka kafa a 1999 ta rabu da mawaƙinta Jesse Leach a 2002, ta ci gaba da Howard Jones, sannan Leach ya dawo a 2012 ya tarar da gida a tsaye. Abin da masu saurare suka riƙe shi ne salon, kuma salo abu ne da ake koyarwa.

Wasu kuma za su ce ai Turawa ne suka ɗaga su. Jerin abubuwan da suka faru bai goyi bayan haka ba. Kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, sannan Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018, ƙungiyar ta riga ta mamaye Yamai, tana sayar da faifanta hannu da hannu a shataletalen birnin. Su ne suka kira mai ɗaukar sauti Jamie Carter daga Chicago ya zo har gida da kayan ɗaukar sauti, maimakon su kwashi jiki su tafi wajensa. Kasuwar waje ta zo ne ta tarar da abin da bukukuwan gida suka riga suka ciyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Rukunin mutum goma sha wani abu yana bukatar aiki kusan kullum, kuma Yamai babban birni ne da zai iya samar da shi. Mai aurar da 'ya a Ngaski ko Shanga zai ga ya fi masa sauƙi ya ɗauko yaro ɗaya da lasifika da waƙoƙin da aka haɗa a kwamfuta. Duk da haka ban yarda ƙasar Yauri ta rasa abin riƙe rukuni ba: ga fada, ga bukin Rigata, ga bukukuwan masunta da manoman albasa a garuruwan bakin ruwa. Ayyukan suna warwatse ne, kuma rukunin da zai iya rabuwa gida biyu a dare ɗaya shi ya fi dacewa da tattara su.