Titi a Hedikwata, Zaizaya a Mazaɓu

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. An yi ta murna a gidajen rediyo. Aka shekara ana maganar buɗe asusu a Babban Banki, kuɗi kuwa suna bin tsohuwar hanyarsu ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. Muddin haka ta ci gaba, duk wani zancen tsara hanyoyi da kare lafiyar jama'a a ƙananan hukumomin Kano irin su Ajingi ko Gaya zance ne kawai, domin wanda ba ya riƙe da kuɗi ba ya tsara komai.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai ɓoye aikin ƙaramar hukuma ba: hanyoyin cikin gari da na ƙauyuka, magudanan ruwa, fitilun titi, kasuwanni da tashoshin mota. Ƙananan ayyuka ne, amma su ke tsare rai. Kwalbati guda a bakin kwari shi ke raba tsakanin mai naƙuda ta isa asibiti da ta kwana a hanya. Wanda ya san inda ruwa ke yanke hanya a watan Agusta shi ne dagaci da kansila da ɗan acaɓan da ke sauke fasinja ya tura babur cikin taɓo, ya sake ɗaukarsa a tsallake. Babu ɗayansu da ake tambaya in za a rubuta kasafi. Takarda daga sakatariya take tashi, ta je Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi a Kano ta jira sa hannu, kuma abin da Kano ke so shi ne aikin da za a yanke masa ƙyalle a gaban kyamara.

Aikin titin kilomita biyar-biyar ya isa misali. A zangonsa na biyu na gwamnan Kano, tsakanin 2011 da 2015, Rabi'u Musa Kwankwaso ya ƙaddamar da shi a hedikwatocin ƙananan hukumomi 44, da kuɗinsu da ke asusun haɗin gwiwa. Da yawa ba a kammala ba aka sauka. Suka yi shekaru a yashe zamanin Gwamna Ganduje, sai da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo aka koma kansu. A bar rigimar siyasar gefe, a dubi tsarin kansa. Awo ɗaya aka yi wa kowa, tamkar telan da ya yanka wa gida guda riga da ma'aunin mutum ɗaya. Ajingi mazaɓu goma gare ta, Toranke ɗaya ce a cikinsu, ga Balare, ga Gafasa, ga Kunkurawa. Da an tara mutanen waɗannan wurare an ce ga kuɗin kilomita biyar na kwalta da fitilu, ko kuma burji da kwalbatoci masu nisan da ya ninka haka sau da yawa, ina kyautata zaton na biyun za su ɗauka. Ba a tambaye su ba.

Babbar hanya ma haka. Titin Kano zuwa Maiduguri da ya bi ta Wudil da Gaya na tarayya ne, tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye. Duk inda aka gyara, gudu ya ƙaru. Amma masu talla a bakin kwalta, da motocin da ke lodi a kan hanya ran kasuwa, da yaran da ke tsallakawa zuwa makaranta, duk suna hannun ƙaramar hukuma. Ita ya kamata ta ja kasuwa baya, ta keɓe tasha, ta zauna da jami'an kiyaye haɗurra da hukumar KAROTA da shugabannin direbobi. Abin da aka fi ganin ta da shi a wurin shi ne rasit ɗin haraji. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Talauci ya tara su, gaskiya ne. Sai dai kowane gari da ke bakin titi yana buƙatar waɗanda aka horar, 'yan sintiri ko 'yan Hisba, da suka san aikinsu na farko shi ne kora mutane nesa.

Masu kare tsarin yanzu suna cewa in aka sakar wa ciyamomi kuɗi za su cinye, kuma sakatariya ba ta da injiniyoyin kirki. Akwai ƙamshin gaskiya. Zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 26 ga Oktoban 2024, inda jam'iyyar NNPP ta lashe kujeru 44 cif, bai nuna ciyaman na tsoron mai ƙuri'a ba. To amma ciyaman ana ganinsa a masallacin Juma'a da wurin jana'iza, ana iya tare shi. Daraktan ma'aikata da ke Kano mutumin Toranke bai ma san sunansa ba.

Kason da ake rabawa a Abuja ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma ana buga na kowace ƙaramar hukuma duk wata. Ƙungiyoyin ci gaban Toranke da sauran mazaɓu su nemo adadin na Ajingi, su liƙa a ƙofar kasuwa, su je wa kansilansu da jerin kwalbatocin da suke so kafin damina ta faɗi.