Yunwa, Ƙoshi da Allurar Rage Ƙiba

An daɗe ana ɗora laifin ƙiba a kan kwaɗayi da rashin haƙuri, alhali kuwa binciken likitoci ya tabbatar da cewa yunwa da ƙoshi saƙonni ne da gaɓoɓin jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa ta cikin jini, ko mutum ya so ko ya ƙi. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke Amurka ya gano leptin, sinadarin da kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa ajiya ta wadata. A 1999 kuma Kojima da Kangawa na ƙasar Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke saki idan ya zama fanko, sai mutum ya ji cikinsa na ƙugi.

Wani abin al'ajabi, ikon Allah, girelin ɗin nan yana kuma zaburar da wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin girma, wanda ke miƙar da ƙashin yaro, yake kuma yawaita lokacin barci mai nauyi da lokacin azumi, domin jiki ya narka kitsen da ya tara ya bar tsoka lafiya. Ganin haka wasu suka zaci allurar sinadarin girma za ta zama maganin ƙiba. Haƙiƙa takan rage kitsen ciki, amma ba ta kashe yunwa, ga kumburin hannu da ƙafa, ga ciwon gaɓoɓi, ga hauhawar sukari a jini. Shi ya sa likitoci suka keɓe ta ga masu ƙarancin sinadarin da wasu lalurori ƙayyadaddu, kuma a ra'ayina duk mai sayar da ita da sunan gyaran jiki ya zalunci mai saye.

Magungunan da suka shahara yanzu sun bi wata hanya dabam. Hanji yana da sinadarin da ake kira GLP-1, wanda yake fitarwa bayan cin abinci, ya jinkirta saukar abinci daga tumbi, ya taimaka wa insulin, ya kuma shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, sai dai cikin minti biyu zuwa uku jiki ya rushe shi. A 1992 likita John Eng ya sami makamancinsa mai daɗewa a dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka, daga nan aka ci gaba da bincike har kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya fitar da Ozempic a 2017 domin masu ciwon sukari, da Wegovy a 2021 domin masu ƙiba, allura ɗaya a mako a fatar ciki ko cinya. Wanda ya saba cinye kwano ya nemi ƙari, sai ka ga ya yi 'yan lomomi ya ture shi gefe, ba tare da wani jihadi da nafsi ba. A babban gwajin da aka yi wa Wegovy, an rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi a makonni 68.

Amma fa akwai tashin zuciya da amai da gudawa, wani lokaci har da tsakuwa a matsarmama, sa'an nan abin da ke zubewa ya haɗa da tsoka ba kitse kaɗai ba. Kuma da aka bi sawun waɗanda suka daina allurar, an tarar kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage ya dawo a shekara guda, domin yunwar na nan, danne ta kawai aka yi. Tsadarta kuwa ta buɗe wa maha'inta ƙofa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 game da jabun Ozempic da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka.