Ɗabi'ar Shan Magani Ba Tare da Izinin Likita Ba a Tsakanin Ɗaliban Aikin Jinya

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce shan magani ba tare da izinin likita ba, ana nufin mutum ya yanke wa kansa hukunci a kan ciwon da ke damunsa, ya zaɓi magani da adadin da zai sha, ba tare da an gwada shi ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna wannan ɗabi'a ta yawaita a tsakanin ɗaliban aikin jinya. Wannan darasi zai dubi dalilanta da illolinta, tare da kawo misali daga yankin Bagudo na Jihar Kebbi.

2.0 Yanayin Yankin

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Garuruwa irin su Tsamiya da Lolo mashigai ne na fatake, kuma magunguna na cikin hajar da ke yawo a kasuwannin kan iyaka. Galibin waɗanda suka fito daga Benin bayaninsu da Faransanci yake, don haka mai saye ba ya iya karanta ƙa'idar sha ko gargaɗin da ke jikin kwali. A shekarar 2017 hukumomin Benin sun kai samame a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, inda suka ƙwace tarin magunguna marasa rajista. A wannan shekara ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin magunguna 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

3.0 Dalilai

Babban dalili shi ne abin da Bahaushe ya kira "ƙaramin sani ƙuƙumi". Ɗalibin da ya haddace sunayen magunguna yakan ɗauka ya san cuta, alhali gano cuta fanni ne mai zaman kansa. Sauran dalilan sun haɗa da ƙarancin kuɗi da gudun bin layi a asibiti da matsin jarrabawa. Akwai kuma matsayin da jama'a ke ba shi. Ɗalibin da ya dawo hutu daga Birnin Kebbi, a ƙauye "likita" ake kiransa, kuma kunya kan hana shi cewa bai sani ba. Ta haka ɗabi'ar ke tashi daga kansa ta shafi dangi da maƙwabta.

4.0 Illoli

Illa ta farko ita ce ɓoyewar cuta. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba; yana iya zama taifot ko sanƙarau. Saboda haka ne tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta biyu, yawan shan farasitamol fiye da giram 4 a yini yana lalata hantar babban mutum. Ta uku, shan kafso ba bisa ƙa'ida ba yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu ƙarfi su hayayyafa, har maganin ya daina aiki. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945, kuma an ƙiyasta cewa matsalar ta hallaka mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019. Ta huɗu ita ce sabo, wanda ya sa Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018.

5.0 Kammalawa

Ma'aikacin jinya abin koyi ne. Abin da ya saba yi wa kansa shi zai yi wa majinyaci. Malamin makaranta kuwa shi ne ke fara tarbiyyar yaron da zai zama ma'aikacin jinya gobe. Wajibi ne ya koya wa ɗalibansa, cikin harshen da suke ji, duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar magani, da kuma zuwa asibiti da wuri.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai uku da ke sa ɗaliban aikin jinya shan magani da kansu.
2. Yi bayanin rawar da harshe ke takawa a wannan matsala a garuruwan kan iyaka.