DUWATSUN DA MUKE HAƘA, INA SUKE ZUWA?



A ranin da ya wuce mun je duba rijiyar da aka gina a wani ƙauye, sai dattawan ikilisiya suka roƙe mu mu zauna a kan wata magana wadda ba ta shafi ruwa ba. Samari biyar sun haƙo koren dutse a bayan gari, suka sayar wa wani ɗan'uwa mai sayen duwatsu, shi ma ɗan ikilisiyar ne, har yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Bayan wata biyu sai ɗaya daga cikinsu ya ga hoton dutse irin nasu a wayarsa, an rubuta Nijeriya a ƙarƙashi, an sa masa kuɗi a dala wanda ya ninka abin da aka ba su sau da yawa. Tun daga ranar gidaje suka daina gaisawa, waɗansu har suka ƙi zuwa Jibin Ubangiji. Mun lura wannan damuwa tana ƙauyuka da dama, shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana yadda wannan ciniki yake tafiya.

Duwatsun ƙasarmu

Allah ya sa arziki a ƙarƙashin gonakinmu. Ana samun shuɗin yaƙutu, wato safaya, a yankin Jama'a cikin Jihar Kaduna da kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Ana samun zumurrudu da akwamarin a wajen Gwantu da Nasarawa Egon, tofaz a Filato, turmalin a wajen Keffi da Jihar Oyo. Dokar ƙasa ta ce dukan ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, kuma Dokar Ma'adinai ta shekarar 2007 ita ce ta tsara lasisin haƙa, da na saye, da izinin fitar da kaya waje.

Ba a cika yanka waɗannan duwatsu a nan gida ba. Daga bakin rami sukan bi hannun dillalai zuwa Jos ko Ibadan, daga nan zuwa Bankok da Cantaburi a Tailan, ko Jaifur a Indiya, ko Idar-Obashtain a Jamus, inda gwanayen yanka suke. Waɗansu kuma sukan kai babbar kasuwar duwatsu ta birnin Tusan a Amurka, wadda ake ci a farkon kowace shekara tun 1955. Daga irin waɗannan wurare ne yawancinsu suke shiga intanet.

Su wa suke saye?

A Amurka da Turai da Ostareliya akwai mutane da yawa, musamman waɗanda suka yi ritaya, da suka mai da yankan dutse abin sha'awarsu. Mutum yakan ajiye injin a ɗakin bayan gida, yana kuma cikin ƙungiyar masu irin wannan aiki a garinsu. Iri biyu na kaya suke nema.

Na farko shi ne falle. Ana ɗaukar babban dutse mai zane, kamar aƙiƙ na Barazil ko na Botsuwana, ko shuɗin lazward na Afganistan, ko koren malakait na Kwango, a yanka shi falle-falle kamar biredi da zarto mai bakin daimon, ana zuba mai ko ruwa don kada ya yi zafi. Kaurin falle yakan kai wajen milimita 6. Mai saye ya zana siffar ƙwai a inda zanen ya fi kyau, ya yanke, ya gurza shi a kan dutsen wasa daga mai kaushi zuwa mai laushi har samansa ya yi doro kamar bayan kunkuru, sa'an nan ya goge ya yi sheƙi. Shi ake sa wa a zobe ko sarƙa.

Na biyu shi ne garau ɗin dutse wanda haske yake ratsawa, irin turmalin da akwamarin namu. Wannan ba a yi masa falle. Ana yanka masa ƙananan fuskoki masu yawa, kowace a kan ma'auni, domin ya riƙa walƙiya.

Yadda gwanjon yake

Mun san gwanjo a majami'unmu ranar godiyar kaka, inda ake ɗaga doya ko zakara kowa ya taya. Na intanet ma haka yake, sai dai masu tayi ba sa ganin juna, ba sa kuma taɓa kayan. Kasuwar da ta fi suna ita ce eBay, wadda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a shekarar 1995. Ana kuma yin gwanjo a Facebook da Instagram.

Mai kaya yakan sa hoto, da nauyi, da girma, da kuɗin da za a fara tayi a kai. Yakan zaɓi kwanakin gwanjon, yawanci bakwai, ko da yake akwai na kwana ɗaya, uku, biyar da goma. Mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, kwamfuta kuma ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce shi, har ta kai iyakarsa. Da lokaci ya cika, wanda tayinsa ya fi shi ne mai kaya. Saboda haka gogaggun masu saye sukan yi shiru sai saura 'yan daƙiƙu su jefa tayinsu. Mai kaya yana iya ɓoye wani farashi wanda in ba a kai shi ba, ba zai sallama ba, kamar yadda muke cewa albarka a kasuwa. Bayan ciniki mai saye yakan rubuta shaida a kan mai kaya, kowa yana iya karantawa. Wanda shaidarsa ta ɓaci, kasuwarsa ta mutu.

Abin da mai saye yake dubawa

Tun da ba zai riƙe dutsen a hannu ba, mai saye mai wayo yana da tambayoyinsa:

1. Hoton jiƙaƙƙe ne ko busasshe? Ruwa yana fito da launi kamar an goge dutsen, amma yana ɓoye tsaga. Don haka yakan nemi hoto iri biyu, gaba da baya.

2. Yaya girmansa? Ɗan dutse kamar ƙwayar gyaɗa yana iya cika hoto. Sai an ajiye rula ko kwabo a gefensa.

3. Yaya nauyinsa? Ana sayar da dutsen falle da laba ko kilo, garau ɗin dutse kuwa da giram ko karat. Karat 5 ne giram ɗaya.

4. Yaya taurinsa? Akwai ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10 wanda wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812. Kwalba tana wajen 5 da rabi, farin dutsen ƙanƙara 7, tofaz 8, safaya 9, daimon 10. Mai tauri yana karce mai taushi.

5. Nawa ne kuɗin aikawa? Dutse yana da nauyi. Sau da yawa kuɗin jirgi yakan fi kuɗin fallen.

Algus ma yana can

Kada mu ɗauka a can babu cuta. Ana rina aƙiƙ ya zama shuɗi ko ja. Ana rina wani farin dutse mai araha a sayar da shi a matsayin fairuz. Ana narka kwalba a ba ta suna mai daɗi. Akwai masu sa abokansu su yi tayin ƙarya don kuɗi ya hau, ko da yake kasuwar ta hana. Akwai kuma gyaran da 'yan kasuwa suka amince da shi muddin an faɗa: ana gasa akwamarin don koren ya fita shuɗin ya zauna, ana gasa safaya launinta ya yi kyau, yawancin shuɗin tofaz kuma fari ne aka canja masa launi da na'ura.

A nan gida ma mun ji labarin masu fasa koren kwalba su birkiɗa ta da jan ƙasa su cusa cikin kaya. Mai yin haka yana ɓata sunan ƙauyensa duka, gama mai sayen da aka cuta sau ɗaya yakan rage wa kowa kuɗi daga baya.

Me ya sa kuɗin can ya fi na bakin rami?

Abu na farko, kuɗin da ka gani a waya sau da yawa kuɗin da mai kaya yake fata ne. Dutse yana iya shekara a can ba wanda ya taya. Sai a duba abin da aka riga aka sayar, da nawa aka sallama.

Na biyu, yanka yana cin dutse. Mu ɗauki misali: dutse mai giram 10, wato karat 50. Bayan an cire tsaga da datti aka yi masa fuskoki, abin da yakan rage karat 10 zuwa 15 ne. In ya fashe a kan injin, asarar ta mai shi ce.

Na uku, a cikin tulin da aka saya a bakin rami, kaɗan ne suke isa yanka. Waɗannan kaɗan su ne za su biya kuɗin sauran. A ƙara da kuɗin lasisi, da haraji, da mota, da jirgi, da ladan mai yanka, da la'adar kasuwar intanet wadda takan wuce kashi 10 cikin 100.

Duk da haka, kukan masu haƙa yana da tushe. Wanda ya shiga loto da ransa, bai san sunan dutsensa ba, bai san nauyinsa ba, yunwa kuma tana jiransa a gida, dole a taya masa yadda aka ga dama. Abin da muka tarar ke nan a ƙauyen da muka ambata. Dutsen hoton yankakke ne, ba a ma sayar da shi ba tukuna, saboda haka lissafin samarin bai yi daidai ba. Amma ɗan'uwan nan ma ya amsa cewa da ido ya saya, bai auna ba, kuma ya san akwai guda biyu masu kyau a ciki bai faɗa ba. Ya ƙara musu wani abu, suka yafe wa juna a gaban dattawa, aka kuma haɗa kuɗi aka sayi sikeli.

Abin da za mu iya yi

1. Mu haɗu mu yi ƙungiyar gama kai mai rajista. Da ita ake neman lasisin ƙaramin haƙa a Ofishin Rajistar Ma'adinai na Tarayya, da ita kuma ake samun bakin magana a gaban mai saye.

2. Ƙungiya ta mallaki ɗan sikelin giram, da tocila, da gilashin ƙara girma, da littafi. A wanke dutse da ruwa kawai, a haska shi, a ware mai kyau dabam. Kada a buga shi da guduma, kada a sa shi a wuta. A rubuta kowane ciniki a gaban shaidu.

3. A ji tayin mutum biyu ko uku kafin a sallama. Adashi ko asusun ƙungiya yana taimakon mai buƙata ya yi haƙuri na mako ɗaya.

4. Duk baƙon da ya ce ta waya a aika masa duwatsu zai biya daga baya, ko a tura kuɗin rajista kafin ya saya, a rabu da shi. Fitar da dutse waje ba izini kuma laifi ne.

5. Matasan da suke so su koyi yanka, kada su sayar da sa ko gona don sayen falle daga waje. Su fara da duwatsu masu araha na kusa da su. Cibiyar koyar da aikin ma'adinai da ke Jos tana koyar da wannan sana'a. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, gama mutanen Ilori sun daɗe suna goge jan dutsen lantana suna yin tsakiya da shi.

6. Kada a gurza dutse a bushe. Ƙurarsa tana taruwa a huhu ta kawo ciwon da ba ya warkewa. Kada kuma a kawo aikin dutse cikin gida. Mu tuna da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara wajen 400.

7. Kada yaro ya bar makaranta ya shiga rami. Kada a shiga loto da damina. In an gama, a cike ramin, saboda yaranmu da dabbobinmu. Kada kuma a bar gona, domin dutse sa'a ne, ba a sa masa rana.

Littafin Ayuba sura 28 ya ba da hoton masu haƙa, yadda suke shiga cikin duhu nesa da mutane suna neman duwatsu masu daraja, sa'an nan ya nuna cewa hikima ta fi su duka tsada, tsoron Ubangiji kuwa shi ne hikimar. Karin Magana 11:1 kuma ya nuna Ubangiji yana ƙin ma'aunin zamba. Wannan ya shafi mai saye da yake danne sikeli, ya kuma shafi mai haƙa da yake cusa kwalba.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata, da ta Maza, da ta Matasa su karanta wannan a taronsu, su tattauna:

1. Mutum nawa ne a ikilisiyarmu suke haƙa ko sayen dutse? Yaya ake sa kuɗi a tsakaninsu?

2. Ramuka nawa ne suke buɗe kusa da gari? Wa zai jagoranci cike su kafin ruwa ya sauka?

3. Akwai yaran da suka bar makaranta saboda rami? Me za mu yi su koma?

Ikilisiyar da take so a taimake ta kafa ƙungiya ko koyon amfani da sikeli, sai ta aiko da saƙo ta hannun fastonta, za mu sa ta cikin ziyararmu ta gaba. Mu riƙa tunawa da 'yan'uwanmu masu shiga rami cikin addu'a, da iyalan da suka rasa nasu a ciki. Ubangiji ya kiyaye mu, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.