Filatinam: Ƙarfen da Siffar Ƙwayarsa ke Ƙara Masa Daraja

Tambayi duk wani bakanike a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, daga Boɗinga har Shagari, me ya sa 'yan gwangwan ke wawar abin nan mai ƙananan ramuka da ke cikin salansar mota, wanda ake kira indomi. Zai ce maka akwai kuɗi a ciki, kuma gaskiyarsa. An shafe ƙananan ramukan wannan abu da ɗan filatinam da danginsa, faladiyam da rodiyam, masu rage gubar hayaƙi kafin ya fito. Su kansu ba sa ƙonewa. Aikinsu irin na dillali ne: su haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, su jira na gaba.

Wannan dillalin shi ne kuma ƙashin bayan batirin haidurojin, wanda William Grove na Birtaniya ya fara gwada irinsa tun 1839. Ana shigar da iskar haidurojin ta gefe guda, oksijin na iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen, sai a sami lantarki, abin da ke fita ta bututu kuwa ruwa ne zalla. Haidurojin ba ya gardama. Oksijin ne mai taurin kai: atam biyu ne a ƙulle tamau, sai an raba su, an ba su ƙwayoyin lantarki huɗu, kafin su zama ruwa. Shi ya sa mafi yawan filatinam ɗin batirin a gefensa ake zuba shi. Ga shi kuwa abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 200 ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000, kuma wajen kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa.

Da yake atam ɗin da ke fuskar ƙarfe kaɗai ke aiki, na ciki zaman kashe wando suke yi, sai aka riƙa mayar da filatinam ƙwayoyi na 'yan nanomita. Nanomita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Duk da haka aibinsa na nan: yana riƙe oksijin da ɗan ƙarfi fiye da kima, ciniki ya faɗa amma bai saki mutum da wuri ba, layi na ta tsawo.

A 2007 Vojislav Stamenkovic da Nenad Markovic da abokan aikinsu a Amurka suka buga wani sakamako a mujallar Science wanda ya tayar da ƙura. Sun gauraya filatinam kashi uku da nikel kashi ɗaya, suka gwada fuskokin ƙarfen daban-daban. Nikel ɗin da ke kwance ƙarƙashin fatar filatinam yana sassauta riƙon. Abin mamakin shi ne ba kowace fuska ke cin wannan riba daidai ba. Wadda atam ɗinta suka fi matsuwa, kowane guda shida na kewaye da shi, ta ninka irinta ta filatinam zalla sau 10 wajen aiki, ta ninka wanda ake sayarwa a kasuwa sau 90. Ƙarfe ɗaya, gauraye ɗaya, bambancin kawai yadda atam suka jeru.

To, wace siffa ce duk fuskokinta irin wannan ne? Ƙwaya mai fuska takwas, wato dala biyu da aka haɗa gindinsu. Nan masana suka duƙufa, ciki har da Peter Strasser a Jamus. A 2014 ayarin Peidong Yang da Stamenkovic suka rarake cikin ƙwaya suka bar firam ɗinta kawai, don oksijin ya shiga ta ko'ina. A 2015 kuma wasu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka barbaɗa molibdinam a kan mai fuska takwas, ta ninka na kasuwa fiye da sau 70.

Sai dai a yi hattara da waɗannan alƙaluma, don a ɗakin gwaji aka same su, cikin ruwan asid, a kan ɗan faifai mai juyawa. Cikin batiri na gaske, ga zafi ga kunnawa da kashewa, nikel na zagwanyewa, kusurwoyi na dakushewa, ƙwayar ta koma dunƙule, ribar ta ragu. Motar Toyota Mirai da ta fito a 2014 da gaurayen filatinam da kobalt take aiki, ba da waɗannan masu ƙayatarwa ba.

Ina ruwan mutumin Boɗinga da wannan? Rana dai muna da ita har ta yi yawa, inda gizo ke saƙar shi ne ajiyar wutarta. Ana iya raba ruwa da wutar sola a tara haidurojin, a mayar da shi lantarki da dare. A yau batirin litiyam ya fi wannan hanya araha nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ce maka akasin haka yana da abin sayarwa. Amma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, kuma matsalar da ta rage, wato yadda ƙwayar za ta riƙe siffarta shekara da shekaru, ta masana kimiyyar sinadarai ce. Ɗalibanmu masu neman abin bincike a digiri na biyu da na uku, ga fili nan.