Yadda Ake Karanta Shawarar Kwamfuta a Masana'anta

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karin magana shi ne tushen wata dabara da masana'antu ke bi wajen tanadin kayan aiki, wadda ake kira MRP a taƙaice. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Joseph Orlicky, yana cikin waɗanda suka tsara ta, har ya rubuta littafi a kanta a 1975.

Abubuwa huɗu ake gaya wa kwamfuta: abin da za a ƙera da ranarsa, kayan da yake ci, abin da ke cikin sito, da kwanakin da oda ke yi kafin ta iso.

Bari in yi misali da siminti, tunda muna da masana'antarsa a Kalambaina kusa da Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967. Buhu guda kilo 50 ne, watau tan ɗaya buhu 20 ke nan. A ce za a ɗura tan 1,000; ana bukatar buhunan da ba kome ciki guda 20,000. In akwai 8,000 a sito, sai kwamfuta ta ce a sayo 12,000. In kuwa oda na yin mako biyu a hanya, sai ta ce a aika da ita mako biyu kafin ranar ɗuri. In an matso da ranar, sai ta ce a gaggauta odar; in an ɗaga, a jinkirta; in an fasa, a soke.

To, a nan ne hankali ke aiki. Kwamfuta ba ta shiga sito, abin da aka rubuta mata shi ta sani. In ruwa ya ɓata buhu 3,000 ba a rubuta ba, lissafinta zai fito tsaf, amma ranar ɗuri aiki ya tsaya. Sai mai buga bulo a Tambuwal ya rasa siminti, magini a Kebbe ya zauna ba aiki. Haka kuma in an gaya mata mako biyu alhali damina ta mai da tafiyar mako uku.

Saboda haka ma'aikaci nagari kan tambayi kansa kafin ya sa hannu: Wace bukata ta jawo wannan shawara? An ƙidaya kayan sito da ido? Kwanakin hanya suna nan yadda aka rubuta?

Ni dai a ganina, manomin da ke duba rumbunsa ya ware iri tun kafin ruwan shuka ya riga ya san wannan ilmi. Mu ɗalibai sai mu dage da lissafi, domin kwamfuta shawara take bayarwa, yanke hukunci kuwa na mutum ne.