Kafin a sayar da doya a biya kuɗin jami'a

Sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, yarinya ta ci, gida ya cika da 'yan barka. Mako bai zagayo ba sai lissafi ya taso. A Salaga uba na leƙa rumbun doya, a Bawku ana ƙirga buhunan albasa, a Yendi kawu ya ce zai sayar da sa guda. Ga takardun ɗauka biyu a kan tabarma: ta jami'ar gwamnati, inda aka ba ta kwas ɗin da ba shi ta nema ba, da ta wata jami'ar kuɗi a Ankara, babban birnin Gana, mai hoton bene a goshinta, wadda ta ce ta zo ta karanta abin da ranta ke so.

Kada hoton benen ya ruɗe ku. Tambayar farko ita ce: hukumar GTEC, wadda tun 2020 ke sa ido kan manyan makarantun Gana, ta amince da makarantar? Ta kuma amince da shi kansa kwas ɗin? Abu biyu ne daban, kuma nan ake yawan faɗawa rami. Makaranta na iya samun izini alhali kwas ɗin da za a ba 'yarku izininsa ya ƙare, ko ba a taɓa ba shi ba. Wahalar ba ta bayyana sai bayan shekara huɗu, ranar neman bautar ƙasa ko aikin gwamnati. Su ma na gwamnatin ba a sha musu alwashi, don rahoton babban mai binciken kuɗi na 2021 ya gano ɗaruruwan kwasa-kwasai marasa izini a jami'o'in Legon da KNUST. Sunayen da aka amince da su na shafin hukumar a intanet, kowane yaro mai waya zai duba muku.

Sai a tambayi sunan wa zai hau takardar digirin. Jami'ar kuɗi da ba ta sami cikakken 'yanci daga shugaban ƙasa ba, a ƙarƙashin wata babbar jami'a take, wadda ita ke ba da shaidar. Valley View ta sami nata 'yancin a 2006, Ashesi a 2018. Irin waɗannan ba wanda zai raina karatunsu, in aljihu zai ɗauka.

Aljihun kuwa shekara huɗu za a auna masa. Na sha ganin an yi karo-karo a dangi an biya zangon farko, a shekara ta biyu doya ta yi arha, yaro ya dawo gida ba digiri ba sa. A haɗa da kuɗin ɗaki, da abinci, da motar Bawku zuwa Ankara. Tallafin da gwamnatin Mahama ta fara a 2025 kuɗin karatun shekarar farko ne a makarantun gwamnati, sauran shekarun na wuyanku. Asusun bashin ɗalibai yana karɓar Ghana Card ba tare da mai tsayawa ba, amma bashi sunansa bashi.

Mu 'yan arewa muna da na kusa da muke rainawa. Jami'ar UDS tana Tamale tun 1992, rassanta na Navrongo da Wa sun zama jami'o'i masu cin gashin kansu. Ga kwalejin malamai ta Gbewaa a Pusiga, ga ta jinya a Kpembe, a bakin Salaga. Cunkoson aji da yajin aikin malamai gaskiya ne, sai dai uwa na iya aika garin tuwo da motar safe ya isa kafin la'asar.

Wanda kuma ya ce muku zai shigar da yaro mai D7 a Turanci ko lissafi digiri kai tsaye in kun tura masa wani abu ta MoMo, ku riƙe kuɗinku. C6 ne iyaka. A biya wa yaron kuɗin jarrabawar Nov-Dec ya sake zaunawa.